Hannun da Inna Mai-guga Ta Ɓoye

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ko a otal ya tarar da zanen gado a miƙe sumul, da wuya ya tsaya ya tambayi kansa wa ya goge shi. To, mutum ne ya goge, ba aljani ba. A wani kamfanin wanki da guga da ke bayan tashar mota, wadda ta fi kowa daɗewa a kan wannan aiki ita ce matar da kowa ke kira Inna Mai-guga. Shekara ashirin da huɗu tana tsaye a wuri ɗaya, har simintin da ke ƙarƙashin ƙafafunta ya yi ɗan kwarmi biyu.

Gajeriya ce, 'yar firit, ga baki kamar reza. Manajoji huɗu ta ga zuwansu ta ga tafiyarsu, babu wanda ba ta raɗa wa suna ba. In sabuwar ma'aikaciya ta ƙona rigar likita, Inna za ta wanke ta tas da faɗa har sai ta yi ƙwalla, amma da manaja ya leƙo sai ta ce injin ne yau ya yi zafi fiye da kima. Shi ya sa ake tsoronta, ake kuma ajiye mata kujera lokacin cin abinci.

Injin nata ba irin dutsen gugar gida ba ne. Wani faffaɗan teburin ƙarfe ne mai murfi, tururi na bi ta cikinsa. A shimfiɗa zane, a miƙa hannu sama a kamo mariƙin murfin, a jawo shi ƙasa da ƙarfi har ya ce ƙas, tururi ya yi fuu, a saki, a gyara zane, a sake. Haka daga safe har la'asar. Mariƙin a gefen dama yake, sama da kan Inna, don wanda ya ƙera injin dogo ne, kuma da alama bai taɓa jin cewa akwai gajeru a duniya ba. A da akwai wani sifirin da ke rage nauyin murfin. Shekara tara da suka wuce ya tsinke, makanike ya ɗaure wurin da waya ya ce jibi za a kawo sabo. Har yau jibin bai yi ba.

Wannan shi ne abin da kowa ya sani game da ita. Amma akwai abin da ta binne tun tana yarinya, ba ta taɓa tono shi a gaban ɗan Adam ba. Inna bahaguwa ce.

Wani zai ce to sai me? Haba, ai ɗan yau ne zai faɗi haka. Tana 'yar shekara huɗu mahaifiyarta ta lura da hagu take miƙa hannu. Aka yi duka, aka yi zagi, aka ɗaure mata hannun a jiki da ɗankwali wuni guda. "Hannun ƙazanta ne," in ji uwar. "Wa zai ci abin da kika dafa da shi? Wa zai aure ki?" Hali kuwa zanen dutse ne, duka ba ya kankare shi. Abin da dukan ya koya mata ɓuya ne kawai. Da dama take ci, da dama take gaisawa, da shi take bayarwa take karɓa, da shi take sa hannu a takarda, rubutun a karkace kamar sawun kaza. Amma in ta duba ba kowa, yanka da juya miya da shara da ɗinki da wanki duk na hagu ne, kuma a nan ne za a ga gwaninta, in da akwai mai gani.

Ta auri wani mai gyaran agogo da ke da 'yar rumfa a bakin kasuwa, mutum mai sanyi, mai tsabta, wanda in ya yi magana biyar a wuni to ya yi surutu. Mahaifiyarsa ta zauna da su shekara goma sha ɗaya. A makon farko na auren, a gaban idon Inna, ɗiyar maƙwabta ta miƙa wa tsohuwar ruwa da hagu. Tsohuwa ta sheƙar da ruwan, ta sa aka wanke kofin sau uku. Tun daga ranar Inna ta kafa doka a gidan: in tana girki, babu mai shiga kicin, ƙofa a rufe. Dangin miji suka ce rowa ce, maƙwabta suka ce girman kai ne, ta ce su faɗi son ransu. In ta ji takun ƙafa ya doso, wuƙa ta riga ta yi tsalle ta koma dama, kuma yatsunta na ɗauke da tabon wannan tsallen. Tsohuwa ta rasu, doka ba ta rasu ba. Ta yaya za ta dubi mutumin da ke wanke hannu kafin ya taɓa agogon wani, ta ce masa duk abin da ya ci a gidan nan da hagu aka dafa? Tsoro take ji, tsoro na gaske. Yara suka girma suka yi aure suka watse, gida ya rage daga ita sai Mai-agogo, shekara talatin da uku ke nan, ƙofar kicin tana nan a rufe.

Kafaɗar dama ba rana ɗaya ta tafi ba. Da fari tsami take yi da yamma, a shafa man zafi a wuce wurin. Daga baya sai ta riƙa jin kamar ana soka mata allura duk lokacin da ta miƙa hannu sama. Ba ta gaya wa manaja ba, don a irin wurin nan wanda ya ce wash shi ake fara kallo in za a rage ma'aikata. Ta kai shekara uku tana cije leɓe. Wata Talata da hantsi ta ɗaga hannu za ta kamo mariƙin, hannun ya zo daidai kunnenta ya tsaya cak. Ta ce masa tashi, ya ce ina! Ta tsaya tana kallon zanen da ta shimfiɗa, abokan aiki suna kallonta, tururi na ta fita a banza.

Likita ya ɗauki hoton kafaɗar, ya ce jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta yi ta suɗewa a hankali kamar igiyar guga a bakin rijiya, har ta tsinke.

"Ai kuwa likita," in ji Inna, "ko ba rijiya, guga ce ta cinye ta."

Ya yi dariya, sannan ya gaya mata abin da ba na dariya ba. Sai an yi tiyata, kuma in aka ja lokaci jijiyar za ta janye ta bushe, hannun ya zauna haka har abada. Tiyatar kuwa ta fi ƙarfin mai gyaran agogo nesa ba kusa ba. Hanya ɗaya ce: in aka yarda a wurin aiki ta samu ciwon, kamfanin inshorar da ke tsaya wa ma'aikatan zai ɗauki nauyin tiyata da jinya, a sallame ta da haƙƙinta. In ba a yarda ba, ta koma gida da hannu yana reto.

Sakatariyar ƙungiyar ma'aikata, wata siririya mai tabarau wadda a da ita ma a ɗakin ninke kaya take, ita ta cike takardu ta kai. Bayan mako shida amsa ta zo, ta karanta wa Inna a bakin ƙofar kamfani. Wai babu ranar da aka rubuta ta faɗi, ko wani abu ya buge ta a bakin aiki. Wai irin wannan ciwo ruwan dare ne ga mata masu shekarunta saboda aikin gida, shara da wanki da girki. Don haka ba su da alhaki.

"Wato tsintsiyata ce ta fi ƙarfen can nauyi?" Inna ta ɗaga murya har mai gadi ya juyo. "Lallai! A ci moriyar ganga a yar da kwaurenta. 'Yar nan, ki rubuta musu ki ce..."

A daidai nan ta ga amsar ƙiri-ƙiri. Wannan hannun da suke cewa aikin gida ya kashe, bai taɓa share ɗaki ɗaya ba, bai taɓa juya tukunya ɗaya ba. Magana ɗaya ce za ta rushe takardar nan duka, kuma ita ce maganar da ba za ta iya furtawa ba.

"In ce me, Inna?"

"Ki ce Allah ya isa."

Sakatariya ba ta rubuta haka ba. Ta ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin da ke sauraron irin wannan taƙaddama, aka sa musu rana bayan wata guda.

Watan nan Inna ta sha wahalar da ko a kamfani ba ta sha ba, wahalar yin kamar ba ta iya ba. Mace ce da hannun damanta ya mutu, ya kamata a ga alama a gida. To, sai ta rufe ƙofa ta yanka albasa cikin ƙiftawar ido yadda ta saba, sannan ta tsaya tana ɓata ta da gangan, wannan ƙato wannan ƙarami, don kada Malam mijinta ya yi mamaki. Ta share tsakar gida ta bar ɗan datti a lungu, ta koma ɗaki, dattin ya hana ta sakat, ta fito ta kwashe. Mai-agogo ya ce ko a kira auta ta zo ta kwana biyu ta taimaka. Ta ce auta da nata gidan, a ƙyale yarinya. Ya ce to.

Ana saura kwana huɗu Sakatariya ta zo gidan da yamma. Suka zauna a ɗan falon, mai kujeru biyu da tebur da agogon bango uku na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba, kowanne da nasa lokacin. Mai-agogo na bakin taga ya ba su baya, ya maƙala ɗan madubinsa a ido yana tsintar wani abu da hantsaki.

"Inna, mutumin inshora ya zagayo unguwar nan," in ji Sakatariya. "Maƙwabta sun ce har yanzu tsakar gidanki fes, girki bai fasa ba ko sau ɗaya. Zai ce ɗayan biyu ne, ko ciwon bai kai yadda muke faɗa ba, ko kuwa a nan kike ƙara ɓata shi. Wa ke yi miki aikin?"

"Lallaɓawa nake."

"Da hannun da ba ya iya ɗaura ɗankwali?"

"Ke 'yar nan, sakatariya ce ke ko 'yar sanda?"

"Ni taki ce, Inna. Amma hannu wofi zan shiga ɗakin nan. In akwai wani abu, ko yaya yake, ki ba ni."

Inna ta saci kallon ƙeyar mijinta. Bai juyo ba. Ya ce a hankali, "Uwargida, in akwai abin da zai taimaka, ki faɗa mata."

"Babu, Malam."

Ya ci gaba da tsintarsa, Sakatariya ta haɗa takardunta ta yi sallama.

Ɗakin sauraron ƙarar a hawa na biyu yake. Dogon tebur, fanka mai lanƙwasasshen fiffike ɗaya tana juyi tana ƙara, mutum uku a zaune, a tsakiya wata dattijuwa mai jiki, ita ce shugabar kwamitin. A gefe magatakarda na rubutu. Mai-agogo ya samu benci a baya ya zauna, ya ɗora 'yar jakar fatarsa ta kayan aiki a cinya. Inna ta yi tsaki a ranta, ko nan ma sai da ya taho da tarkacensa.

Wakilin inshora saurayi ne mai ladabi. Har ƙasa ya rusuna ya ce, "Mama, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Wannan ya fi komai ɓata mata rai. Da mugu ne, da ta san yadda za ta yi da shi.

Sakatariya ta yi iya yinta. Ta nuna hoton mariƙin da wayar da aka ɗaure, ta faɗi tsawon Inna da tsawon injin, ta miƙa takardar likita. Saurayin ya saurara har ta gama, sannan ya miƙe. Ya ce mata shida ne ke aiki da irin injin nan, babu wadda jijiyarta ta tsinke. Ya ce Mama ta yi shekara ashirin da huɗu a kamfani, amma ta yi talatin da uku tana aikin gida, kuma maƙwabta sun shaida har jiya ba ta daina ba.

"Ranki ya daɗe, ba mu ce Mama ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Mun dai ce kafaɗa ɗaya ce take zuwa aiki, ita ce kuma take komawa gida ta ɗora wani aikin. Wa zai iya rantsuwa a ina ta lalace?"

Shugaba ta cire tabarau ta dubi Inna. "Baiwar Allah, kina da abin cewa? In babu, da abin da ke gabanmu za mu yanke hukunci. Kuma ba zan ɓoye miki ba, abin da ke gabanmu bai isa ba."

Gaba kura, baya sayaki. Inna ta dubi hannun nan da ke kwance a cinyarta kamar na aro. Ta tuna jikarta da ta miƙo hannuwa a ɗauke ta ranar Lahadi, ta kasa, yarinyar ta yi ta kuka. Shekarunta hamsin da huɗu, in Allah ya ja kwana, haka za ta yi ta kallon yaran mutane tana ba su haƙuri? Ba ta waiwaya baya ba, don ta san in ta ga fuskar Malam ba za ta iya ba.

"Ni zan rantse, ranki ya daɗe," ta ce. "Kafaɗar nan ba ta taɓa zuwa gida aiki ba, hutu take zuwa. Ni bahaguwa ce. Shara, girki, wanki, duk da wannan nake yi." Ta ɗaga na hagun kaɗan, ta mayar da sauri.

Ta ɗauka rufin ɗakin zai rufto. Ko fanka ba ta tsaya ba. Magatakarda ya rubuta abin da ta ce, ya ɗago yana jiran ƙari. Shekara hamsin tana dakon abin nan, ga shi ta sauke, babu wanda ya ko yi salati.

Saurayin ya shiga buɗe takardu. "Mama, da girmanki. Ga sa hannunki na shekara ashirin da huɗu, a gaban akawu kike yi, da dama. Abokan aikinki kullum tare kuke cin abinci, da dama. Mijinki ma ban ji ya taɓa faɗa ba. Yau da safe aka zama bahaguwar?"

Gaskiyarsa ne, ai ita da kanta ta bi duk wata shaida ta goge, kuma ta iya guga. Ta ji kunya biyu ta rufe ta, ta tona kanta, ga shi kuma an mayar da ita maƙaryaciya.

Sai aka ji gyaran murya daga baya. Mai-agogo ya miƙe ya nemi izini. Shugaba ta ce ya matso. Ya zo gaban teburin ya buɗe jakarsa, ya fito da wani abu naɗe a tsumma mai tsabta, ya warware. Cokulan katako ne guda uku, irin na juya miya.

"Da wuƙa na taho," ya ce, "mai gadi ya karɓe a ƙofa."

Inna na kallo ta gane cokulanta ne.

"Ranki ya daɗe, ni ban san doka ba. Abin da na sani shi ne inda abu ke cinyewa. Shekara arba'in ina buɗe agogo, in na ga haƙorin da ya suɗe, na san ta ina ake murza shi." Ya miƙa wa Shugaba cokali ɗaya da hannu biyu. "A riƙe da dama, a yi kamar ana kankare gindin tukunya."

Shugaba ta riƙe ta goga a kan tebur. Bakin cokalin ya cinye a karkace, gefen da ya suɗe yana kallon sama, ƙaho ɗaya ne kawai ke taɓa katakon.

"To a mayar hagu."

Ta mayar. Bakin ya kwanta lif a kan tebur kamar an auna. Ta gwada na biyu da na uku, duk haka. Ta miƙa wa na kusa da ita, shi ma ya gwada.

"Wannan na shekarun farko ne, ta yar na ɗauke," in ji Mai-agogo. "Wannan bayan haihuwar auta. Wannan kuwa shi take aiki da shi yanzu, yau da safe na sato."

Saurayin ya ce, "Baba, wannan ya nuna akwai bahago a gidan. Bai nuna ko wane ne ba."

"Mu biyu ne a gidan, ɗana. Ni kuwa ko ruwan zafi na ɗora sai ya ƙone."

Har magatakarda sai da ya dara. Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta karɓi fensirin magatakarda da rezar da yake fiƙewa da ita, ta tura gaban Inna. "Fiƙe mini wannan."

Inna ta danne fensirin da yatsun dama a kan cinya, ta ɗauki rezar da hagu. Hannun bai taɓa aiki ido na kallonsa ba. Amma da reza ta taɓa itace sai ya manta da mutane. Sau shida ta zagaya, ɓawon ya zubo a nannaɗe, bakin fensiri ya fito siriri kamar allura. Ta ajiye. Saurayin ya ɗauka ya duba, ya jinjina kai, ya ce ba shi da sauran tambaya.

Aka fitar da su na rabin awa, aka sake kiransu. Shugaba ta karanta cewa kwamiti ya gamsu ciwon na aiki ne, kamfanin inshora zai ɗauki nauyin tiyata ba tare da jinkiri ba, da jinya, da haƙƙin sallama, kuma a gyara injin kafin a sake tsayar da wata a gabansa. Sakatariya ta rungumi Inna ta gefen hagu tana ta hamdala, ta ruga karɓo takarda. Inna ta ce alhamdulillahi, kuma har zuciyarta ta faɗa. Amma fuskarta babu fara'a.

A kan matakala suka tsaya ita da Mai-agogo, shi yana ƙoƙarin rufe jakarsa.

"Tun yaushe, Malam?"

"Wata na uku da aure. Kin ɗinke mini aljihu, na ga kullin zaren a gefen da bai kamata ba."

"Ka san hannun da nake dafawa da shi, kana ci?"

"Ina ci ina ƙari. Uwargida, ai hannunki ne."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya daɗe yana murza madaurin jakar. "Da tsohuwa na da rai, don ita na yi shiru, kada ta ji ta hana ki zama lafiya. Da ta rasu na ce gobe zan faɗa. Sai na ga ta yaya zan dubi idonki in ce shekara goma sha ɗaya ina jin faɗuwar wuƙa in na doso ƙofa, na yi gum? Kunya ta kama ni. Kullum kuma sai ta ƙaru."

"Da ban yi magana ba yau fa?"

"Da na mayar da su yadda na kawo su, in sayar da rumfa a yi abin da ya samu. Sirrinki ne, ba nawa ba."

"Kai, Malam! Wallahi ban taɓa ganin mutumin kirki mai ƙona rai irinka ba."

Ta so ta ci gaba da faɗa, faɗan ya ƙi zuwa, kuka ya zo a madadinsa. Ba ta yi kuka a gaban likita ba, ba ta yi a gaban kwamiti ba, sai a nan, mutane na hawa suna sauka suna raɓa su.

"Shekara ashirin da biyu bayan tsohuwa," ta ce, "ina cikin hayaƙi ni kaɗai, ina jiyo ka da yara kuna hira kuna dariya. 'Ya'yana mata biyu, ban koya wa ko ɗaya yanka albasa ba. A gidan mutane suka koyi girki kamar marayu, ina raye. Babbar har yau tana ganin ƙinta nake. Kafaɗa an ce za a biya. Wannan fa? Wane kwamiti zan kai?"

"Babu," ya ce. Idonsa ya yi ja. "Da laifina a ciki, mai yawa. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta goge fuska da bakin mayafi, ta dubi matakalar, doguwa ce kuma babu abin dafawa.

"Sai ka tsaya kana kallona in gangara? Riƙe ni."

Ta miƙa masa na hagun. Ya sauya jakar zuwa ɗaya hannun ya riƙe, suka fara sauka a hankali.